Ina son barin sigari kuma ina son rage ƙiba, da wanne zan fara?

Abban_Hanif ya rubuta:

Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin ko suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekarata 38, tsayina mita 1.75, nauyina kilo 104 a awon da aka yi min na ƙarshe, kuma ina shan sigari tun ina saurayi, yanzu kwali ɗaya nake tashi da shi a rana, wani lokacin ma har ya ɗan haura idan aiki ya sha min kai. Aikina na zama ne, daga kujera sai mota sai gado. Kwanaki na je asibiti saboda wani ciwon kai da ya matsa min, likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, sugan jinina ma yana bakin layi bai shiga ba tukuna amma saura ƙiris, ya ce min ƙiri-ƙiri in bar taba kuma in rage nauyi. Toh faɗa da baki ai ba wuya.

Damuwata ita ce kusan duk wanda na sani da ya bar sigari sai ya yi ƙiba, akwai wani abokin aikina da ya bari bara yanzu wandunansa duk sai da ya kai wa tela aka buɗa, ni kuma da ma tumbina ke riga ni shiga ɗaki, idan na ƙara a kan haka ai sai dai a turo ni. Shi ya sa nake tunanin in fara sauke nauyin tukuna, in rage kamar kilo 25 cikin wata uku, abinci sau ɗaya a rana da gudu kullum da safe, idan jikin ya dawo daidai sai in waiwayi sigarin. Amma gsky ko bene hawa biyu na hau sai na tsaya ina haki kamar raina zai fita, ban san yadda gudun zai yiwu ba. Na sha gwada barin tabar a baya, ba na wuce 'yan kwanaki, kaina ya yi ta sarawa, kowa ya ba ni haushi har yara a gida, sai in koma.

Tambayata, da wanne zan fara? Kuma kilo 25 ɗin nan a wata uku zai yiwu ko yaudarar kaina nake? Ngd.

Baba_Tanko ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka fara da taba, kar ka tsaya wani lissafi. Wannan maganar ta bari in rage ƙiba tukuna ba taka ba ce, tabar ce ke maka huɗuba, ni na san muryarta domin na daɗe ina jin ta. Kullum tana da dalilin da zai sa a ɗaga zuwa gaba, yau aiki ya yi yawa, gobe rai a ɓace, jibi tumbi. Idan ka biye mata haka za ka kai hamsin da kwali a aljihu.

Kuma taura biyu ba ta taunuwa. Mutumin da yake fama da ƙishirwar taba ka ce kuma ya wuni da yunwa, wallahi kafin sati ya zagayo zai watsar da duka biyun, ya ci ya ƙoshi ya kunna kara a kai. Ka tsayar da rana ɗaya nan da sati biyu, kar ta wuce haka, ka gaya wa maiɗakinka da abokan da kuke sha tare, daren ranar ka kwashe komai, ragowar kwali, laita, ashana, abin zuba toka, har wanda ka ɓoye a mota saboda ko-ta-kwana, duk ka zubar. Ka sa a wanke kayanka da suke warin hayaƙi.

Abin da zan gaya maka game da kwanakin farko shi ne, abin yana zuwa ne ya wuce, ba wuni yake yi a kanka ba. Zai taso maka kamar za ka haukace, amma in ka duba agogo 'yan mintuna ne ya lafa, sai can ya sake dawowa. Kwana ukun farko su ne masu zafi, satin farko dai gaba ɗaya ba daɗi, daga sati biyu zuwa huɗu za ka ji ciwon kan da saurin fushin suna ja baya. Abin da ya fi daɗewa shi ne sabon hannu. Ni nawa bayan cin abinci yake kama ni, ina ajiye cokali sai in ga hannuna ya tafi aljihun gaban riga da kansa yana laluba, ba komai a ciki amma sai ya je. Maganin da na yi masa shi ne ina gama ci ba na ƙara minti ɗaya a wurin, in tashi in wanke baki da buroshi in fita in zaga, kafin in dawo abin ya sake ni. Kai ma ka zauna ka gano lokutanka, na bayan abinci ne, na cikin mota ne, na lokacin da oga ya ɓata maka rai ne, kowanne ka tanadar masa abin da za ka yi a madadinsa tun kafin ranar ta zo.

Zancen ƙiba kuwa ba zan ɓoye maka ba, na ƙara. Abinci ya dawo yana min daɗi, hancina ya buɗe ina jin ƙamshin da na manta da shi, baki kuma yana neman abin taunawa. Amma daga baya na sauke abina a hankali lokacin da numfashina ya dawo, tafiyar da da ba na iyawa ta zama ba komai ba.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, kara ɗaya kawai. Bayan wata biyu ko uku zuciya za ta ce maka ai ka riga ka ci galaba, ɗan ja ɗaya ba zai yi komai ba. Nan mafi yawan mutanen da na sani suka zame.

Dan_Gayu99 ya rubuta:

Ni fa a ganina ba sai ka takura wa kanka ba oga, ka rage kawai zuwa kara biyu ko uku a rana shikenan, ko ka koma shisha tunda ita hayaƙin ta cikin ruwa yake bi ya tace. Tumbi kuma akwai shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook da irin bel ɗin nan da ake ɗaurawa a ciki yana sa gumi, wani na sani ya ce kilo uku ya sauke a sati ɗaya, ka gwada mana.

Maman_Iman ta rubuta:

Dan_Gayu don Allah kar ka kai bawan Allah ka baro. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya duk da dai zan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Shisha ba ta tace komai, ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi shi ya sa ma ake zuƙa da yawa, ga gawayin da ake ɗorawa a kai yana ƙara iskar nan mai guba ta kabon monoksaid. Rage kara kuma yana da amfani ne kawai idan hanya ce ta zuwa bari gaba ɗaya, amma a zauna a kan biyu ko uku ana ganin an tsira, a'a. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka ga mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan ashirin. Zuciya da jijiyoyin jini ba sa lissafi da kara, kaɗan ma ya ishe su. Shayin rage ƙiba kuwa yawancinsu gudawa ko yawan fitsari suke sa mutum, bel kuma gumi ne, ruwa ne ya fita ba kitse ba, kana shan ruwa kilo ukun sun dawo. Ga mai hawan jini ma shan abin da bai san me aka zuba a ciki ba kasada ce.

Abban Hanif, yanzu kai. Tsoron da kake ji yana da tushe, nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa a kamu da ita, yana rage jin yunwa kuma yana ɗan ƙara saurin yadda jiki ke ƙona abinci, in aka cire shi dole a ga bambanci. Nazarin da aka buga a BMJ a 2012 ya nuna matsakaicin abin da mutane ke ƙarawa shi ne kilo 4 zuwa 5 bayan shekara ɗaya da bari, kuma mafi yawansa a wata ukun farko yake zuwa. Matsakaici ne fa, wasu sun fi haka, wasu kuma raguwa ma suka yi. To ka ɗora wannan a gefe ɗaya. A ɗaya gefen, akwai dogon binciken da wani likita mai suna Richard Doll ya fara kan likitocin Birtaniya a 1951 aka bi su shekara 50, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna masu shan sigari suna rasa kusan shekara 10 na rayuwa idan aka kwatanta da marasa sha, wanda ya bari yana da shekara 40 kuma yana ceto kusan 9 daga ciki, mai 50 kusan 6, mai 60 kusan 3. Kai kana 38. Rai dai a hannun Allah yake, amma ka ga kilo biyar ba abin da za a tsaya ciniki a kansa ba ne. Sannan tunda ka ce suganka yana bakin layi, ka sani masu shan sigari sun fi marasa sha haɗarin kamuwa da ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, wato tabar da kake ganin tana tsare maka ƙiba ita ma tana tura ka wajen da kake gudu.

Kilo 25 a wata uku kuma ka cire shi daga ranka. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, in ka buga lissafi sai ka riƙa samun giɓin sama da kalori 2,000 kullum har kwana casa'in, wato kusan duk abin da jikinka yake ƙonawa a yini, ma'ana ka daina cin abinci kenan. Masu irin wannan gaggawar tsoka suke zubarwa tare da ruwa, ga jiri ga kasala, saurin ramewa ma yana jawo tsakuwar matsarmama, daga ƙarshe nauyin ya dawo har da riba. Abin da aka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Kuma ba sai ka koma jikinka na samartaka kafin ka ga amfani ba, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka, wato kilo 5 zuwa 10 a wajenka, ya isa ya taɓa hawan jinin da sugan. A Amurka an yi wani babban gwaji kan mutane irinka da suga ke bakin layi, sakamakon ya fito a 2002, aka sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, har ya fi na waɗanda aka ba maganin ciwon suga mai suna metformin, su kashi 31 suka samu. Kashi 7 naka kilo bakwai ne da ɗoriya. Wannan shi ne burin da zan so ka rubuta, daga 104 zuwa 97, in ka isa can sai a sake zama.

Kuma tunda ka ce ka sha gwadawa kana komawa, wannan karon kar ka tafi da ƙarfin zuciya kaɗai. Akwai cingam na nikotin, akwai filasta da ake mannawa a fata, akwai ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da cytisine, duk Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin ƙa'idar da ta fitar a 2024 ta taimaka wa masu son bari. Ka koma wajen likitan nan ka ce masa ka tsayar da rana, ya zaɓa maka wanda ya dace da jininka, kar ka je ka saya da ka.

Koci_Bash ya rubuta:

Anti Maman Iman ta gama magana, ni ɓangaren motsa jiki zan taɓa tunda shi ne aikina. Amma ina da ɗan saɓani da Baba Tanko, Baba a gafarce ni. Gaskiya ne ba a haɗa barin taba da horon yunwa, amma kuma ba na son Yaya Abban Hanif ya fahimci cewa sai ya naɗe hannu wata uku yana jira. Tattaki ka fara shi gobe, tun kafin ranar barin ta zo, saboda idan ranar ta zo ya zama kana da wurin gudu. An gwada an gani, tafiya da sauri ko ta minti goma ce tana rage ƙarfin sha'awar taba a wannan lokacin, ka ga ashe ba taura ta biyu ba ce, taimakon ta farkon ce.

Gudu dai a'a, ba yanzu ba. Kilo 104 a kan gwiwar da ta shekara tana zaune, ga huhu mai hayaƙi, ga jini yana hawa, sati ɗaya za ka yi ka kwanta da ciwon gwiwa ko agara daga nan kuma shikenan an rufe babin. Ka samu takalmi mai laushin ƙasa ka fara da minti 10 zuwa 15, saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, wannan shi ne ma'aunin ba sai ka sayi agogo mai tsada ba. Duk sati ka ƙara minti biyar har ka kai minti 30 sau biyar a sati, shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga baligi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati. Na tsokar ma ba sai ka je jim ba, ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, ka huta ka sake, ka dafa bango ka tura jikinka, irin waɗannan. In ba ka da rabin awa a jere ka raba, goma da safe goma da rana goma da yamma, duk lissafi ɗaya ne. In ka ji ƙirjinka ya ɗaure ko jiri ko ciwo yana sauka hannu, ka tsaya ka nemi asibiti, ba jarumta a nan.

Sai dai in gaya maka gsky kar ka zo kana zagina daga baya, tattaki shi kaɗai ba ya sauke nauyi da yawa. Tafiyar rabin awa abin da za ta ƙona maka bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba, gwangwanin lemo ɗaya kuma yana da wajen 140 da suga kusan giram 35, ka ga in ka dawo daga tattaki ka kora da lemo mai sanyi kusan an tashi canjaras. To abu ɗaya da zan ce ka taɓa a abinci yanzu shi ne abin sha mai zaƙi, ka mayar da shi ruwa, sugan shayi ka rage rabi, kuma abin da za ka riƙa jefawa a baki a madadin kara kar ya zama alawa da biskit, nan ne kilo biyar ɗin nan suke shigowa. Sauran abincinka ka ci sau uku yadda ka saba, gyaran faranti sai nan da wata biyu ko uku idan tabar ta sake ka.

Atisayen ciki kuma da mutane ke yi ɗari-ɗari wai don tumbi ya faɗa, tsokar ciki yake ƙarfafawa amma kitsen da ke kanta ba ya zaɓar wurin da zai narke, jiki ne yake ɗiba daga ko'ina. Sikeli sau ɗaya a sati ya isa, da safe kafin ka ci komai, don nauyi yana iya wasa da kilo ɗaya ko biyu a yini saboda ruwa da gishiri kawai, masu hawa kullum su ne suke karaya. Ka samu tef irin na tela ka riƙa auna ƙugunka daidai saitin cibiya ko sama da ita kaɗan, inda ake so a je shi ne ƙugu ya gaza rabin tsayi, kai naka ƙasa da santimita 88 kenan, da nisa amma sau da yawa tef yana motsi tun sikeli bai motsa ba.

Abban_Hanif ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Tanko maganar wanda na ɓoye a mota kamar kana leƙena wlh. Na tsayar da ranar Asabar ta sama, na gaya wa madam har ta fara murna tun yanzu, tattakin kuma zan fara da minti goma sha biyar bayan na taso aiki. Kilo 97 na rubuta na manna a jikin madubi.

Anti Maman Iman tambaya biyu, duk lokacin da na gwada bari barci ne yake gagarata, in yi ta juyi har tsakar dare daga nan sai in tashi in buɗe firij, akwai dabara? Ina shan kofi sosai a wurin aiki ko yana da alaƙa? Sannan cingam ɗin nan kamar cingam na yara ake tauna shi?

Maman_Iman ta rubuta:

Yana da alaƙa sosai. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da kafeyin, sinadarin kofi mai hana barci, daga jiki, in ka bari sai kofin da ka saba sha ya daɗe a jininka ya yi maka ƙarfi fiye da da, ga bugun zuciya ga rashin barci, mutane su ɗauka duk rashin taba ne. Ka rage shi rabi daga ranar da ka bari, kuma kar ka sha bayan rana ta raba. Irin wannan yana faruwa da wasu magunguna ma, don haka duk abin da kake sha ka lissafa wa likita. Rashin barcin kansa yana ƙara yunwa washegari, shi ya sa firij ke kiranka, yawanci yana daidaita cikin 'yan makonni. Idan filasta aka ba ka kuma ka ga tana sa ka mafarkai barkatai, ka tambaye shi ko za ka riƙa cire ta lokacin kwanciya.

Cingam ɗin ba a tauna shi ratata. Ka tauna a hankali har ka ji ɗan yaji-yaji a baki, sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa ka mayar, haka har wajen rabin awa. In ka tauna da sauri ka haɗiye yawun, shaƙuwa da tashin zuciya za ka samu. Kar ka sha kofi ko lemo minti 15 kafin ka sa shi don suna hana shi shiga jiki yadda ya kamata. Ka je asibitin cikin satin nan kafin Asabar ɗin, a sake auna jinin, kuma ka tambayi likitan batun haɗa filasta da cingam tare, ga mai shan kwali guda a rana haɗin ya fi guda ɗaya aiki.